Neman wurin cin abinci da Google Maps a babban birni: inda nake yarda da ita da inda nake ja baya

Duk wanda aiki ko karatu ya taɓa jefawa babban birnin da bai sani ba ya san wannan lokacin. Rana ta faɗi, ciki na ƙugi, titi cike da gidajen abinci dama da hagu, kowanne da fitilunsa, amma ka rasa ƙofar da za ka tura. A da direban tasi ake tambaya, ko mai karɓar baƙi a otal. Yanzu waya ake zarowa. Ni ma ita nake zarowa, kuma manhajar da na daɗe ina aiki da ita ita ce Google Maps. Wajen kai mutum bakin ƙofa ban ga ta biyunta ba. Wajen gaya masa ko abincin zai yi daɗi kuwa, sai an bi ta a hankali.

Abin yabon yana da yawa. A 2005 Google ya fito da taswirar don nuna hanya, harkar abinci daga baya ta shigo, har kamfanin ya sayi Zagat a 2011, wani kamfanin Amurka da ya yi suna wajen tattara ra'ayoyin masu zuwa gidajen abinci. Yau da ka taɓa sunan wuri za ka ga lokacin buɗewa da na tashi, lambar waya, minti nawa ne a ƙafa, da jirgin ƙasa ko bas ɗin da zai sauke ka kusa. A garin da cunkoson motoci kan cinye wa mutum awa guda a titi ɗaya, wannan kaɗai ya isa a gode.

Abin da na fi so a ciki, wanda na lura mutane da yawa ba sa gangarawa ƙasa su duba, shi ne ɗan zanen nan mai sanduna da ke nuna cikar wuri awa bayan awa. A 2015 aka ƙara shi. Daga wayoyin mutanen da suka bar tarihin zirga-zirgarsu a kunne ake haɗa shi, don haka babu hannun mai gidan abincin a ciki, babu na wanda aka ɓata wa rai. Amfaninsa na fili shi ne kauce wa layi. Ni kuma ina karanta wani abu daban a ciki. Wurin da sandunansa ke tashi da ƙarfe ɗaya na rana a tsakiyar mako, a unguwar ofisoshi, ma'aikatan unguwar ne ke riƙe da shi, kuma mai hutun awa ɗaya ba ya komawa inda aka ɓata masa ciki. Wurin da ba ya cika sai daren Asabar, kusa da wani abin kallo na gari, yawanci cinikin baƙi yake yi, mutanen da za su ci yau su hau jirgi gobe. Mai irin wannan wurin ba ya tsoron kada ka ƙi dawowa, tunda dama ba za ka dawo ba.

Sai hotuna. Iri biyu ne, kuma ido na saurin rabe su. Akwai na mai wuri: haske tas, faranti a tsakiyar tebur, ɗan ganye a sama kamar an ɗora shi da allura. Akwai na masu ci: hoto a karkace, gwiwar hannun wani a gefe, cokali a cikin miya, an riga an gutsuri burodin. Na biyun nake bi. A nan nake ganin ainihin yawan abin da ake zubawa, ko mai ya kwanta a gefen faranti, ko kujeru sun matse har za ka ji hirar maƙwabcinka. In aka yi sa'a wani ya ɗauki takardar jerin abincin, sai in duba watan da aka ɗora hoton, don farashin shekara biyu da suka wuce sai dai tarihi. Gani ya kori ji, kuma a wannan fannin manhajar ta yi ƙoƙari.

Inda muke rabuwa da ita shi ne makin taurarin nan da masu ci ke bayarwa daga ɗaya zuwa biyar, wanda kuma shi ne abu na farko da ido ke sauka a kai.

Wani dare na fita da ƙanwata zuwa wani wuri mai maki 4.8, da sharhi sama da dubu. Ɗakin ya yi kyau, ba a magana. Kifin da aka kawo mini kuwa gefensa ya bushe ya ƙandare, tsakiyarsa da ɗan sanyi, alamar tun ɗazu aka gasa aka sake ɗumamawa. Ban gama ajiye cokali ba sai ga yaron da ke kawo abinci da ɗan kati mai lambar QR. Ya rage murya ya ce, "Yallaɓai, in ka ba mu biyar yanzu, kayan zaƙin kyauta ne. Don Allah ka sa sunana a ciki." Ya tsaya nan a kaina yana murmushi. Ƙanwata ta taɓa ni ta ƙarƙashin tebur ta ce, "Yaya, ka ba shi mana, ka ga yaro ne, wataƙila da shi ake auna aikinsa." Ita ta ba shi biyar ɗin a wayarta. Na kalli sauran teburan, kowanne da katinsa a jingine jikin kwalbar gishiri. A nan 4.8 ɗin ya fito. Laifin na masu wurin ne, don dokar Google ta hana a ba mutum kyauta ko ragi a kan ya rubuta sharhi, ta kuma hana a zaɓi waɗanda suka ji daɗi kaɗai a ce su rubuta. Amma wa zai tsaya a kan kowane tebur a duniya yana gadi?

Ruwa ba ya tsami banza. Kuɗi ne a cikin tauraron nan. Michael Luca na makarantar kasuwanci ta Harvard ya yi bincike a 2011 a kan gidajen abinci na birnin Seattle da ke Yelp, wani shafin intanet da mutane ke rubuta sharhi da ba da maki, ya gano ƙarin tauraro ɗaya na ƙara cinikin wuri da kashi 5 zuwa 9 cikin ɗari. Abin lura, ƙarin bai shafi manyan kamfanoni masu rassa ko'ina ba, don su an riga an san su. Ƙananan wurare masu cin gashin kansu ne maki ke ɗagawa ko ya kayar. Daga baya shi da Georgios Zervas suka duba na birnin Boston, suka ga kusan kashi 16 cikin ɗari na sharhin gidajen abinci Yelp da kansa ya tace su a matsayin waɗanda ake zargi na bogi ne. Wanda hayar shago ke bin sa a tsakiyar birni, in ya san rabin tauraro na iya cika masa kujeru, ba mamaki ya aiko yaro da kati.

Labarin da ya fi ba ni dariya a London ya faru, a 2017. Wani marubuci, Oobah Butler, ya yi wa rumfar da yake zaune a ciki rajista a TripAdvisor, shafin sharhin matafiya, a matsayin gidan abinci, ya sa mata suna The Shed at Dulwich, ya ce sai da alƙawari ake zuwa. Abokansa suka yi ta rubuta yabo. Hotunan abincin da kumfar aski da ƙwayar wanke banɗaki ya haɗa su, wani ma ƙwai ne ya ɗora a jikin ƙafarsa. Duk wanda ya kira sai a ce masa babu tebur sai bayan makonni. Kafin shekarar ta ƙare rumfar ta zama ta ɗaya a cikin gidajen abinci kusan dubu 18 na London, alhali ba ta taɓa dafa wa kowa komai ba. Hukumomi sun fara farkawa. A 2018 wata kotu a Lecce ta Italiya ta ɗaure wani mai sayar da sharhin bogi wata tara, a 2024 kuma hukumar kula da cinikayya ta Amurka ta kafa dokar haramta saye da sayar da shi. Duk da haka ba a ɗaure ɗan kati a kan tebur.

Ko babu maguɗi ma, makin tarkace ne na abubuwan da ba su haɗa hanya ba. Wani ya ba da ɗaya don bai sami wurin ajiye mota ba. Wani ya ba da biyar don an rera wa 'yarsa waƙar ranar haihuwa. Wani a gida aka kawo masa abincin a kan babur ya huce, ya zo ya huce haushinsa a kan kuku. Sannan kowace ƙasa da hannunta wajen rabon maki. A Japan, a shafinsu na Tabelog, wurin da ya kai 3.5 ana ƙirga shi cikin na ƙwarai, alhali a wasu ƙasashen mai 3.5 gudunsa ake yi.

To ni yadda nake yi, lambar sama kallo ɗaya nake mata in wuce. Ina shiga sharhin in jera su daga sabo zuwa tsoho, don kuku kan tashi, wuri kan canza hannu, amma tsohon yabo yana nan yana ta aiki. Daga nan sai in nemi masu tauraro uku. Mai biyar sau da yawa kunya ce ko murna, mai ɗaya fushi ne, mai uku kuwa ya zauna ya yi tunani: zai ce naman ya yi laushi amma gishiri ya yi yawa, an jira minti arba'in amma an ba da haƙuri. Akwai ɗan gurbin bincike a cikin sharhin, ina rubuta kalma ɗaya a ciki, kamar "sanyi" ko "jira" da harshen garin, in ga sau nawa ta fito. Mutum ɗaya ya ce abinci ya zo da sanyi, ƙaddara ce. Mutum goma a wata uku, ɗabi'ar kicin ɗin ce. Ina kuma karanta amsar mai wuri. Wanda aka yi wa ƙorafi ya fito yana zagin mai ƙorafin a bainar jama'a, na san abin da zan tarar in na ce a canza mini faranti.

Da wannan hanyar na faɗa wani ɗan wuri mai 4.2 a bayan tashar jirgin ƙasa. Ƙorafin da ake yi a kansa bai wuce hayaniya, matsatsin kujeru, da wata dattijuwa a teburin karɓar kuɗi da ba ta murmushi ba. Babu wanda ya taɓa abincin da mugun baki. Duka gaskiya suka faɗa. Takardar abincin shafi ɗaya ce, ana hango kuku ta wata taga yana juya tukunya, miyar ta iso tana tururi har sai da na jira ta sha iska. Dattijuwar ta karɓi kuɗinta ta miƙo canji ba ta ɗago kai ba, kuma ba wanda ya roƙe ni tauraro. Wurin yana can ƙasa a jerin da manhajar ta fara nuna mini. Google da kansa ya ce abu uku yake dubawa wajen jerawa: dacewa da abin da ka nema, kusanci, da shaharar wuri. Na saman ma wani lokaci talla ne da aka biya, da 'yar alamarsa a gefe. Gangarawa ƙasa ba ta cin kuɗi.

Wasu za su ce a koma wa Michelin, littafin nan da ke tantance gidajen abinci yana ba su taurari. Ina girmama ta. Kamfanin tayar mota ne na Faransa ya fara buga littafin a 1900 don direbobi su yi ta yawo taya ta ƙare, ya fara ba da tauraro a 1926, ya mai da su hawa uku a 1931. Masu bincikenta ba sa bayyana kansu, kuma su ke biyan kuɗin abin da suka ci, abin da ya sa taurarinta suke da nauyi. Sai dai yawancin wuraren ba na cin kullum ba ne, kuma akwai manyan birane da dama da ba ta leƙa ba. In tana garin da kake, ka duba rukunin Bib Gourmand da ta ƙirƙiro a 1997 don abinci mai kyau a farashi mai sauƙi, ka ɗauki sunan ka sa a Google Maps ka ga hotunan masu ci da lokacin cunkoso. Haɗin nan bai cika ba ni kunya ba.

Alamomin da ke cewa akwai abincin halal, ko na marasa cin nama, ko ƙofar da keken guragu zai shiga, suna taimakawa wajen rage jerin. Amma masu wuri da masu ziyara ne ke cika su, don haka in abin ya shafi addininka ko lafiyarka, kamar mai rashin jituwa da gyaɗa, ka kira ka ji daga bakin mutum. Haka lokacin buɗewa a ranakun hutu.

Saura maganar abin da ake ɗorawa a kan bil, wanda alamar tsada ko araha da ke jikin sunan wuri ba ta nunawa. A London wurare da yawa kan ƙara kashi 12.5 cikin ɗari na hidima. A New York haraji ba ya cikin farashin da ke takarda, sannan ana sa ran ka bar wa mai kawo abinci kusan kashi 20. A Tokyo ba a bayarwa, in ka bar kuɗi a tebur ma ana iya biyo ka da su waje. Cikin hotunan masu ci akan sami wanda ya ɗauki rasit ɗinsa. Shi nake buɗewa in faɗaɗa da yatsu biyu, in karanta layukan ƙasa kafin in kama tebur.