Gargaɗi ga masu neman tsofaffin littattafan injina: wani ya cinye mini jikka 110

Ina rubuta wannan ne raina a ɓace, domin wani mutum da ke tallan tsofaffin littattafan gyaran injina a Facebook ya karɓe mini jikka 110, wato sefa 110.000, kuma har yau ko bangon littafi ɗaya bai iso Damagaram ba. Jikka 85 kuɗin littattafai, jikka 15 kuɗin mota, sai jikka 10 da ya ƙara karɓa daga baya.

Duk wanda ya san ni a Zongo ko a Sabon Gari ya san na daɗe ina tara waɗannan littattafai, kuma kanikawa na zuwa wurina su duba awo idan tsohon inji ya gagare su. Akwai dalilin da ya sa nake biyan kuɗi mai yawa a kansu. Kamfanin Berliet na birnin Lyon, wanda manyan motocinsa suka ratsa hamadar Tenere a 1959 zuwa 1960, an haɗe shi da kamfanin manyan motoci na Saviem a ƙarƙashin Renault tun 1978, saboda haka babu kantin da mutum zai shiga yau ya ce a ba shi littafin gyaransu sabo. Haka tsofaffin injinan Lister na Ingila, waɗanda notikansu ke kan awon Ingila da ake kira Whitworth, mai kusurwar haƙori digiri 55, alhali notikan milimita da ke cike da kasuwarmu digiri 60 ne. Bakanike da bai san wannan ba sai ya tilasta noti ya lalata haƙoran, aikin yini guda ya koma neman abin da babu shi a ƙasar. Littafin masana'anta ne ke faɗin jerin ɗaure kan inji da ƙarfin da za a ɗaure kowane noti, kuma shi nake nema.

Mutumin ya ce yana Maraɗi, ya ce mahaifinsa tsohon shugaban garaji ne, ya rasu ya bar kwali biyu: littafin gyaran Berliet, na Lister, da tarin mujallar Revue Technique Automobile, wadda ake bugawa a Faransa tun 1946, har da fitowar da ta shafi Peugeot 404 da 504. Ban tura ko dala ba sai da na gwada shi. Na ce ya buɗe shafin da ke nuna jerin ɗaure kan inji ya ɗauko mini hoto, ya kuwa turo, takarda ta yi ja don tsufa, ga tabon baƙin mai a gefe. Sannan ya yi mini saƙon murya ya ce: "Baba, wallahi ba kuɗin ne ya dame ni ba, so nake littattafan mahaifina su shiga hannun wanda ya san darajarsu." Wannan magana ita ce take ta dawo mini. Na sake saurarenta, na kuma sake, ina neman inda murya ta yi rawa ko inda ƙarya ta leƙo, ban samu ba. Ya kira ni Baba, ya ambaci mamaci, ya rantse da Allah, ya kuma nuna shafin da na tambaya. Ina son masu cewa na yi gaggawa su gaya mini wace tambaya ce ta rage da ban yi ba.

Jikka 10 na ƙarshe ya karɓe su ne da cewa direba ya ƙi ɗaukar kwalayen saboda nauyi. Kafin nan, tun lokacin da na tura jikka 85 ɗin, ya riga ya turo mini hoton kwali ɗaure da igiya, an rubuta sunana da Zinder a jiki, kuma wannan hoton ne ya sa da ya zo da maganar jikka 15 ban yi gardama ba. Bayan na tura jikka 10 ɗin na je tasha na tsaya har aka sauke kaya kaf ban ga kwalayena ba, yaran mota suna tambayata sunan direba, ni kuwa ba ni da shi, ga wani bakanike da na riga na yi wa alkawarin littafin Lister yana tsaye kusa da ni. Kunyar da na ji a wurin ta fi mini zafi da kuɗin, ko da yake jikka 110 ba abin da zan yafe ba ne. Tun kafin in bar tashar lambarsa ta daina shiga, amma saƙon muryar ya zo ne tun farko, kafin zancen farashi ma, kuma yanzu na gane cewa da shi ya fara shirya ni.

Wani ɗana da ya iya bincike a intanet ne ya gano asalin hotunan. Daga wani shafin sayar da tsofaffin kaya na Faransa aka kwaso su, inda mai littafin na gaskiya ya ɗora shafuka da yawa, har da wanda na nema. Hoton kwali kaɗai ne nasa, kuma kwali da alƙalami ba su fi ƙarfin kowa ba.

Kada ku tura kuɗi sai wani naku ya riƙe littafin a hannunsa, ko a buɗe muku shi ta kiran bidiyo, ku faɗi shafi a juya kuna gani.

Takardun aika kuɗi uku suna hannuna, na 85, na 15 da na 10, da hotunan hirarmu da saƙon muryar, kuma na kai su wurin ƴan sanda. Zan ɗora hotunan hirar a nan da zarar an ba ni izini. Shafinsa na nan bai rufe ba, ya sauya suna kawai, yanzu cewa yake yana Tawa, kuma jiya na ga ya sake ɗora hoton littafin Berliet ɗin nan a kan jikka 85.