Gargaɗi ga masu mota: hattara da mai tallan saitin birkin baya a waya

Assalamu alaikum 'yan uwa direbobi da masu ƙananan motoci, musamman mu na layin Gezawa, Ringim, Taura har zuwa Gujungu da Gumel. Dan Allah wanda ya ga wannan saƙo ya tura wa na kusa da shi, akwai wani bawan Allah da ya fito da sabon salon cuta kuma mu ya nufa, mu da gareji ya yi wa nisa.

Yana saka hotuna a Facebook da guruf na WhatsApp, wai cikakken saitin birkin baya, fad da diski biyu da kalifa biyu (kalifa ita ce ƙarfen da ke matse fad a jikin diski in an taka birki) duk a kwali ɗaya. Ya ce wa wani sabo ne dal daga kamfani, ya ce wa wani kuma ɗan Beljiyom ne mai lamba ɗaya, ya danganta da yadda ya karanci mutum. Kuɗin da zai faɗa maka ko rabin wanda za ka ji a Ƙofar Ruwa, kasuwar kayan gyaran mota ta Kano, bai kai ba, sai ya haɗo maka da ɗan bidiyo ya ce ai Alhajina ba sai ka kai wa bakanike ya ci kuɗinka ba, jek da sifana kawai, a ƙofar gida za ka ɗaura abinka kafin la'asar. Ka tura rabin kuɗi, ya ba direba a tasha, in kaya ya iso ka cika. Ga ladabi ga rantsuwa, ranka ya daɗe ba ya fita daga bakinsa.

Abin da yake rufe wa mutane ido shi ne kayan suna zuwa. Ba irin waɗanda suke karɓe kuɗi su kashe waya ba ne, a'a, kwali zai iso, ka buɗe ka ga ƙarfe yana ƙyalli, ka ce alhamdulillahi ka tura cikon. Wani maƙwabcina mai mota Sharon da ke cin kasuwanni da ita, Gujungu ran Lahadi, Maigatari ran Alhamis, shi ya saya, kuma mun zauna da bakaniken garinmu mun baje kayan a kan tabarma ɗaya bayan ɗaya. Wallahi babu sabo ko guda a ciki.

Diskin tsoho ne da ya gama cinyewa, aka kai wa masu injin yankan ƙarfe suka fere fuskarsa ya yi sumul. Kowane diski na gaskiya akwai rubutu a gefensa ko a cibiyarsa, MIN TH da lamba a milimita, ma'ana kaurin da in ya gaza haka to ya tashi daga aiki. Tazarar da ke tsakanin sabo da wannan iyaka yawanci milimita 1 zuwa 2 ce kacal, kun ga ke nan ba wani nama ne da shi da za a yi ta ferewa ba. A nasa an goge wajen rubutun da samfefa an feshe da fenti. Diski in ya yi siriri nan da nan yake ɗaukar zafi, ya lanƙwashe, ka taka birki ka ji feda tana rawa a ƙafarka, in abin ya yi nisa ya tsage.

Kalifa kuwa nan ne rashin imanin yake. An feshe su da fenti ruwan azurfa, kuma mai feshin ko wahalar rufe roba bai yi ba, fenti ya hau robar da ke kare fistin, ya hau ɗan notin da ake buɗewa a yi bilidin, wato fitar da iska daga layin man birki. Kamfani ba ya fesa fenti a kan roba, wannan kaɗai ya ishe ka shaida. Da muka ɗaga robar sai ga tsatsa ta ci jikin fistin, ɗan hannun da wayar hambirki ke ja ya ƙame ko motsi ba ya yi. Sannan duka biyun na gefe ɗaya ne! Kalifa akwai ta hagu akwai ta dama, kuma in an ɗaura dole notin bilidin ya kasance a sama domin iska sama take tashi a cikin mai, in ka juya ta ya koma ƙasa ko kwana za ka yi kana bilidin iskar ba za ta fita ba, feda za ta riƙa nutsewa kamar ka taka soso.

Fad ɗin ma tsohon ƙarfe ne aka kankare aka manna masa sabuwar fuska da gam, in ka duba gefe da kyau za ka ga inda gam ɗin ya tsatso ya bushe. Irin wannan rana ɗaya zai ji zafi fuskar ta ɓalle ta bar ƙarfe yana cin ƙarfe. Kwalin dai sunan babban kamfani ne a jiki, amma kwali ko a bola ana tsinta, kuma fad ɗin canji da ake yi don kasuwar Turai yawanci za ka ga an buga masa lamba mai ɗauke da 90R a bayansa, nasa babu komai sai baƙin fenti. Ya kuma sako wata 'yar kwalbar man birki wai kyauta, murfin babu sil. Muka ɗiga a kofin ruwa sai ya tashi yana yawo a sama. Man birki na gaske, DOT 3 ko DOT 4, gauraya yake da ruwa, wanda ya yi iyo a sama dangin man inji ne ko man giyar mota, kuma in ya shiga layin birki duk wata roba da ke ciki kumbura take, tun daga masta, famfon da ke tura mai in an taka feda, har kalifa, ka ga an tashi daga gyaran taya biyu an koma canza komai.

To bidiyon nan da yake turowa shi ne ƙofar da yake bi ya gudu. A ciki ana nuna yadda ake danna fistin ya koma ciki da ƙarfi, da maɗauri ko ƙarfen cire taya. Wannan aikin birkin gaba ne. A motoci irin su Sharon, da Golf mai diski a baya, fistin na baya haɗe yake da hambirki, murza shi ake ana dannawa a hankali har ya shige, shi ya sa za ka ga 'yan tsaga a fuskarsa inda abin murzawa ke kamawa. In ka matse shi da ƙarfi ka kashe abin da ke ciki. Shi kuma abin da yake jira ke nan, kana kira ka ce kaya ba su yi ba zai tambaye ka yaya ka mayar da fistin, kana faɗa sai ya ce ayya yallaɓai ai kai ka lalata, ni lafiya lau na turo. Mutum ya dawo yana zargin kansa alhali tun a kwali mushe aka aiko masa. In ka matsa da magana ya yi bulokin ɗinka, kuma sunan da ke kan akawun da ka tura kuɗi daban, sunan da yake amsawa a waya daban.

Na san wasu za su ce ai birkin baya ne, gaba ke riƙe mota. E gaskiya ne gaba ta fi aiki, amma ku tuna irin lodin da muke yi, buhunan gero da riɗi a but, fasinja a cike, wani lokacin har da awaki, nauyin nan duk a ƙafar baya yake zama. Kuma motoci da yawa layin mansu a gicciye yake, tayar baya ta hagu da ta gaba ta dama layi ɗaya suke sha, in kalifar baya ta fara zubar da mai ba ita kaɗai za ka rasa ba. A hanyar da shanu ke tsallakawa ba sallama, yara na fitowa daga makarantar allo, ɗan acaɓa ya yanko daga gona, wa zai so ya gwada?

Ni ban ce kowa sai ya sayi sabo ba, aljihu ba ɗaya ba, ɗan Beljiyom mai kyau yana aiki in an duba shi. Amma ka cire tsohon naka ka riƙe a hannu, ka ɗauki bakanikenka ko yaronsa ku shiga Kano tare, a gwada a gabanka, a auna kaurin diski, a ba ka rasit mai sunan shago da za ka iya komawa gobe. Kuɗin motar zuwa da dawowa bai kai na kalifa ɗaya ba. In kuma a gida za ka ɗaura, kar ka yarda da jek shi kaɗai balle a kan yashi, sa katako mai kauri ka tokare, ka sa dutse a tayoyin gaba, in ka gama ka taka feda sau da yawa har ta yi tauri kafin mota ta motsa.

Wanda ya riga ya tura kuɗi ya adana hoton alat da hirarku da lambar wayar, kar ya goge saboda haushi, ya kai wa 'yan sanda da bankinsa, ya kuma sanar da shugabannin tasharsu domin su san irin kwalin da ake ba direbobinmu su ɗauko ba su sani ba. Akwai hukumar SON mai kula da ingancin kaya da FCCPC mai karɓar ƙorafin masu saye, su ma a kai musu.

Wanda kuma ya riga ya ɗaura, dan girman Allah kar ya ɗauki fasinja gobe. Leƙa bayan taya ka ga ko akwai jiƙa ta mai, duba ko man da ke tankin birki ya ragu, ja hambirki ka ga ko yana riƙewa, in ka ɗan zaga da ita cikin gari kai hannu kusa da wili ba tare da ka taɓa diski ba, in gefe ɗaya ya fi zafi ko kana jin ƙauri to kalifar ta kama, a ajiye motar a kira bakanike ya zo ya same ta a inda take.