dmesg ko perf: wanne zai nuna maka inda tsohuwar manhajarka ke tuntuɓe?

Ɗan'uwa, ka ce manhajar da aka haɗa tun zamanin Raspberry Pi na farko tana tafiyar hawainiya a kan Pi 4 mai kanel (zuciyar tsarin Linux) na bit 64, kana tambaya ko dmesg ya isa ko sai ka nemo perf.

Firosesar Pi na 2012 ta ƙirar ARMv6 ce, manhajojin lokacin kuma suna amfani da wasu tsofaffin umarnin firosesa biyu, shingen CP15 da SETEND, waɗanda ARMv8, ƙirar firosesar Pi 4, ta yi wa ritaya. Tun Linux 3.19 (SETEND kuwa tun 4.0), in an saita kanel a kan kwaikwayo, duk sa'ad da manhaja ta kira ɗayansu, firosesa takan tsaya cak ta miƙa wa kanel, shi ya kwaikwayi aikin, sannan a ci gaba. Sau ɗaya ba komai. Sau dubbai cikin daƙiƙa, nan jinkirin yake.

dmesg, mai nuna saƙonnin kanel, kyauta ne, ba ka girka komai: zai ba ka sunan manhajar, lambar da tsarin ya ba ta (PID) da adireshin umarnin. Sai dai an taƙaita masa baki, saƙo 10 cikin daƙiƙa 5, sauran ya haɗiye. Mai tuntuɓe sau 50 da mai sau miliyan kusan kama ɗaya suke yi a wurinsa, kuma wannan ne ke yaudarar mutane.

perf kuwa, kayan auna aiki na Linux, ƙidaya yake yi, ba ya tsallake ko ɗaya. Ka ba shi perf stat -e emulation-faults -p da lambar manhajar, ka bar shi minti guda. In adadin ya yi yawa, perf record da ma'aunin nan zai kai ka har cikin laburaren da umarnin yake. Ka duba wannan da kyau, don sau da yawa laifin na wani tsohon laburare ne da manhajar ta jawo, ba nata ba. Wahalarsa girkawa da neman izinin root, wato na mai cikakken iko da na'urar.

Ni dai da dmesg nake gano mai laifi, amma ba na yanke hukunci sai perf ya faɗi adadi.

Kafin ka taɓa /proc/sys/abi/cp15_barrier, fayil ɗin da ke saita yadda kanel zai bi da shingen CP15, ka auna tukuna. A cikinsa 1 kwaikwayo ne, 0 ya kashe manhajar da SIGILL (siginar haramtaccen umarni), 2 ya bar firosesa ta yi da kanta, kuma Cortex-A72, firosesar Pi 4, ta iya. Da ka sa 2, dmesg da perf duka za su yi shiru a kan shingen CP15 alhali tsohon umarnin na nan. In kana da tushen manhajar (source code), ka sake haɗa ta don ARMv7 ko sama.