Gangaren alminiyam na ƙofar shago: ya yi, amma a sayi mai tsawo

Ƙofar shagona tana da dakali ɗaya, tsayinsa santimita 15. Mai ƙafa ko lura da shi ba ya yi, amma mai keken guragu nan yake cijewa, sai dai a riƙa miƙo masa kaya daga ciki yana cewa "ba wannan ba, wancan." Ginin haya ne, babu halin fasa siminti, shi ya sa na sayi gangaren alminiyam mai naɗewa gida biyu.

Mai sayarwa ya so ya tura mini na santimita 90, wai ya fi sauƙin ɗauka. Na ƙi. Ƙa'idar da ake bi a Amurka, ƙarƙashin dokar kare haƙƙin masu naƙasa ta 1990, ita ce kowane santimita ɗaya na tudu a ba shi 12 na tsawo. Dakalina ke nan yana neman 180. Gajere yana tsayawa a miƙe, mai tura kansa sai ya ji keken na neman kifewa da baya, saukowa kuma ta fi hawan ban tsoro. Da mai tsawon, wata dattijuwa da ta saba tsayawa waje ta hau da kanta, ba wanda ya riƙe mata keke, ta shige har gaban kanta tana juya kaya.

Fuskarsa tana da kaushi, ko an yi ruwa ba ya santsi, gefunansa kuma da ɗan tudu don kada taya ta zame. Masu turo kaya a baro ma sun samu nasu.

Aibinsa bai ɓuya ba. Yana da nauyi, wurin naɗewar yana datse yatsa idan an yi gaggawa, bakinsa na sama kuma ba ya kwanciya daram, sai ƙwaram-ƙwaram duk wanda ya taka. Abin da ya fi damuna shi ne yana cin hanyar masu wucewa, dole a naɗe shi a jingine, mai keke ya zo ya jira a shimfiɗa masa. Na maƙala ƙararrawa a waje daidai hannun wanda ke zaune, ta rage jiran amma ba ta kawar da shi ba.

Wasu masu shaguna kan ce mini su ba su da irin waɗannan kwastomomi. To ta ina za su shigo? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2022 cewa mutum biliyan 1.3, kashi 16 cikin ɗari na mutanen duniya, suna rayuwa da naƙasa mai tsanani.

Wanda zai saya ya fara auna dakalinsa da faɗin ƙofarsa, wadda bai kamata ta gaza santimita 81 ba, sannan ya kwashe kwalayen da ke tare hanya tsakanin kantoci. Mai ginin kansa kuwa, ya zuba na siminti kawai ya huta.