Drosera ko Nepenthes: wanne za ka karɓa a musayar iri?

Malam, tsakanin irin Drosera capensis da na Nepenthes da aka yi maka tayin aikowa daga ƙetare, karɓi Drosera, ka huta. Dukansu tsirrai ne masu cin ƙwari.

Nawa ya zo ne a 'yar takarda naɗaɗɗiya cikin ambulan. Da na buɗe sai na ɗauka babu komai, ashe wannan baƙar ƙurar da ke lungun takardar ita ce irin. Atishawa ɗaya da ta kwashe shi. Na barbaɗa a kan jiƙaƙƙiyar gansakuka, ban binne ba, na sa tukunyar cikin faranti mai ruwan sama. Wajen mako uku sai ga ɗigo-ɗigon kore. Ranar da na fara ganin ganye ya naɗe ƙaramin ƙuda da gashin nan nasa mai danƙo kamar raɓa, na fi rabin awa a tsugune. Asalinsa na Afirka ta Kudu ne, ba ya buƙatar a sanyaya irin kafin shuka, kuma furensa na yin iri shi kaɗai. Yanzu har cikin tukwanen da ban shuka ba yake fitowa. Ruwan famfo da taki kawai za ka kiyaye, su ne ajalinsa.

Nepenthes kuwa, ba laifi, tulunsa da yake kama ƙwari da shi na da kyau. Amma irinsa ba ya jure ajiya. Nawa ya yi wata biyu a hanya, na yi ta ban ruwa wa tukunyar da babu komai.

Ta wajen doka ma Drosera ya fi sauƙi, don ba ya cikin jerin CITES, wato yarjejeniyar ƙasashe kan cinikin dabbobi da tsirrai masu fuskantar ƙarewa. Nepenthes duka suna ciki. Irin yawancinsu an yafe masa izini, amma nau'in rajah da na khasiana suna rukuni na ɗaya na jerin, ko ƙwayar irinsu sai da takarda. Wannan daban da takardar shaidar lafiyar tsiro, wadda ƙasar mai karɓa ke nema. Tarayyar Turai ta tsaurara nata tun Disambar 2019. Amurka na da izinin ƙaramin kaya, ƙwaya 50 a kowane ƙunshi, sai dai mai karɓa ne zai nema tun kafin a aiko. Ka tambayi hukumar binciken tsirrai ta ƙasarka, kuma ka sa mai aikowa ya rubuta cikakken sunan tsiron a jikin ƙunshin. Wanda ya ce zai rubuta "katin gaisuwa" don kwastan su kau da kai, kai zai jawo wa.

Ba ka tambaya ba, amma ka kiyayi masu tallar irin Venus flytrap (wani tsiro mai cin ƙwari) shuɗi a intanet. Babu shuɗi, hoto ne aka rina. Na gaske ƙanana ne, baƙaƙe wuluk masu sheƙi. Na taɓa saye, ciyawa ta fito.