Hattara da mai "gida, mota da tikiti" a Basalona

Jama'a, assalamu alaikum. Masu shirin zuwa Basalona ta ƙasar Sifaniya, ko yawon buɗe ido, ko kallon wasan Barca, ko taron wayoyin salula na MWC da ake yi a ƙarshen Fabrairu ko farkon Maris, ku buɗe ido. Wani zai ɓullo a Facebook ko Instagram ko wani zauren WhatsApp, ya ce a birnin yake zaune, yana da gida mai ɗaki biyu kusa da La Rambla, shahararren titin tsakiyar birnin, zai turo direba filin jirgi, tikitin wuraren kallo ma duk yana hannunsa. Hotunan gidan tsaf, kamar ɗakin amarya ranar jere. Kuɗin kuwa bai kai rabin na otal ba. Sharaɗinsa ɗaya: ka tura rabin kuɗin yau, ta banki ko ta asusun wani "ɗan'uwansa" da zai karɓi naira, saboda wai akwai mai jiran gidan.

Sau da yawa gidan yana nan, sai dai ba nasa ba ne. Hotunan ya kwaso su daga tallar wani, adireshin ma na gaske ne, shi ya sa idan ka duba taswirar Google za ka ga ginin, hankalinka ya kwanta. Sai ka tsaya a ƙofar da akwati ka danna ƙararrawa, wata tsohuwa ta leƙo ta ce ba ta san zancen ba, lambarsa kuma a kashe.

Ga inda asirinsa ke tonuwa. A Basalona ba a ba baƙo hayar gida na 'yan kwanaki sai da lasisi, kuma lambar lasisin tana farawa da haruffan HUTB. Doka ta ce a rubuta ta a jikin talla. Tun 2014 hukumar birnin ta dakatar da ba da sabbi, a 2024 kuma magajin gari Jaume Collboni ya sanar cewa lasisi kimanin 10,000 da ake da su za su ƙare a Nuwamban 2028 ba tare da sabuntawa ba. Wato gidajen halal ɗin sun yi kaɗan, masu nema sun yi yawa. To, ta yaya mai riƙe da irin wannan lasisi zai bi ka WhatsApp yana roƙonka da rabin farashi? Ka nemi lambar. Hukumar birnin tana da shafi a intanet inda ake sa adireshi a ga ko gidan yana da izini. Kar ka tsaya ga lambar kaɗai, domin ita ma ana satarta: ka tabbata ita da adireshin, har hawan bene da lambar ƙofa, sun dace. Idan ya fara "ai ni amana nake yi, ba ka yarda da ni ba ne?", ka bar shi da amanarsa.

Ga mu masu neman biza kuma asarar ta wuce ta kuɗin haya. Takardar shaidar masauki tana cikin abin da ake haɗawa da neman bizar Schengen, wato bizar shiga Sifaniya da yawancin ƙasashen Turai, ofishin jakadanci yana iya bincikawa, kuma jami'in kan iyaka yana da ikon tambayarka inda za ka sauka. Wanda ya miƙa takardar gidan bogi, ko da shi ma cutarsa aka yi, sunansa ne a kan fom ɗin.

Ko a manyan shafukan kama ɗaki kar ka saki jiki. Mai gida a shafin Airbnb da ya ce ku koma gefe ka biya shi kai tsaye don a rage maka, yana so ne ya fitar da kai daga inda za a iya bin maka haƙƙi. Wasu ma suna turo mahaɗin shafi mai kama da na kamfanin sak, harafi ɗaya ne ya bambanta a adireshin. Tun wajen 2023 kuma an sha ba da rahoton ɓarayin intanet da ke kutsawa asusun otal-otal a Booking.com, su aiko wa baƙo saƙo cewa za a soke ɗakinsa in bai sake sa bayanan katinsa cikin awa 24 ba. Wannan ita ta fi ba ni tsoro, don saƙon yana zuwa da sunanka da ranar zuwanka daidai. Ka kira otal ɗin a lambar da ke shafinsu, kar ka danna komai.

Zancen direba kuwa, filin jirgin El Prat bai kai nisan da za a tsorata ka da shi ba. Tasin gaske baƙi ne da rawaya, yana da mita, yana layi a wajen ƙofar fita ta T1 da T2, wato gine-ginen fasinja biyu na filin, kuma zuwa tsakiyar gari yawanci Yuro 30 zuwa 40 ne. Duk wanda ya tare ka cikin zauren isowa yana "taksi, taksi", ba ɗan layi ba ne, kuma kuɗinsa sai abin da bakinsa ya faɗa bayan kayanka sun shiga but. Bas ɗin filin jirgi mai suna Aerobús tana kai mutum dandalin Plaça de Catalunya da ke tsakiyar gari cikin kusan minti 35 a ƙasa da Yuro 10. Akwai jirgin ƙasa R2 Nord daga T2 zuwa tashar Sants da ke cikin gari, akwai layin L9 Sud na jirgin ƙarƙashin ƙasa. Babu dalilin biyan wani Yuro 100 tun kana gida.

Tikiti ma haka. Na cocin Sagrada Família da lambun shaƙatawa na Park Güell a shafukansu ake saye, da rana da lokacin shiga. Hoton tikiti da aka turo maka ta waya ana iya sayar wa mutum goma, na farko ya shiga, sauran su tsaya a rana. Na wasan Barca ka saya a shafin ƙungiyar, kuma ka sani hukumar La Liga ba ta tsayar da ainihin rana da lokacin wasa sai ya kusa, don haka mai rantse maka da ranar wasan wata huɗu gaba ba shi da tabbas.

Wanda ya riga ya tura kuɗi, ya kira bankinsa yanzu, kar ya jira ya ga ko mutumin zai dawo. Ya adana hirarsu da rasit da lambar asusun. In ya riga ya sauka, ya nufi ofishin 'yan sandan Mossos d'Esquadra ya shigar da ƙara, ya karɓi kwafin takardar, domin banki da kamfanin inshora za su iya nemanta. Lambar gaggawa 112 ce.