Kayan kimiyya na yara: wanne za ka saya, wanne za ka bari a shago

Iyaye da masu makarantu a nan Kaduna, in za ku haɗa wa yara ɗan wurin gwaje-gwajen kimiyya, tambayar farko ba nawa ne kuɗin kayan ba, yaro zai iya taɓawa ya juya shi har ya ɓata ba a zane shi ba? Don dama a kan haka aka gina irin waɗannan wuraren. Frank Oppenheimer da ya buɗe gidan gwaje-gwajen kimiyya na Exploratorium a San Francisco ta Amurka a 1969, a cikin ginin ya ajiye wajen ƙera kayan, baƙi na kallo ana yanka ana walda, abu ya lalace a gyara a mayar. Kafin shi ma gidan tarihin kimiyya na Landan ya buɗe sashen yara tun 1931, ana danna maɓalli ana juya hannu. To kai kuma ka sayi kaya mai tsada ka kulle a ofishin hedimasta, me aka yi kenan?

Mu fara da madubin ganin ƙananan halittu, maikuroskof. Akwai na roba mai kwali mai kyau an rubuta yana ƙara girma sau 1200, wallahi ka bar shi, dishi-dishi kawai yaro zai gani ya gaji ya jefar. Na ƙarfe irin na lab ɗin sakandare ko da na hannu ne, mai sau 40 zuwa 400, ya isa a ga ƙwayoyin bawon albasa da abin da ke yawo a ruwan kwata, amma fa ka duba hasken, mai ɗan madubi a ƙasa ko mai batir ya fi mai jiran NEPA, kuma kar ka biya sai ka leƙa da idonka don gilashin ciki yana yin fumfuna in ya sha damina a sito. Na uku shi ne Foldscope, na takarda da ake naɗewa, Manu Prakash na jami'ar Stanford ne suka ƙirƙira, yana kai sau 140, in aji guda ne gara kowa da nasa da a ce yara suna layi a kan guda ɗaya. Matsalarsa sai an yi oda.

Madubin hangen taurari kuwa, mai arha mai ƙafa siririya yana ta rawa, iska kaɗan wata ya gudu. Gara ka sayi madubin hangen nesa mai ido biyu, wanda aka rubuta wa 10x50 (mai ƙara girma sau 10), ka jingina hannu a katanga za ka ga ramukan wata sarai. Lokacin hazo dai sai haƙuri.

Ɓangaren lantarki ni Panteka, kasuwar tsofaffin kaya, nake tura mutane. Tsohon ɗan injin da ke juyawa (moto) na cikin rediyo, maganaɗisun sifika, waya, ƙaramin kwan fitila, batir, da kuɗi kaɗan ka cika kwali kuma in ya ƙone ba mai kuka. Kit ɗin Arduino, ɗan allon lantarki da ake ba umarni ta kwamfuta, yana da kyau amma na manya ne, ƴan SS, kuma sai da kwamfuta da malamin da ya iya, in babu ka dakata tukuna. Batir kawai don Allah, kar a bar yaro ya kai hannu soket.